AYARIN MOTOCI A HAMADAR SIMPSON TA OSTIRALIYA

A can arewacin Jihar Ostiraliya ta Kudu akwai wani wuri da ake kira Purni, inda hanyar tsakuwa take ƙarewa, jan rairayi ya fara. Duk wanda ya isa wurin da hantsi a watan Yuni ko Yuli, ba wuya ya tarar da motoci shida ko takwas sun jeru, an labta musu kaya har bisa rufi, kowace da doguwar tuta a goshinta. Masu motocin kuwa, maza da mata, kowa ya tsuguna gindin ƙafar motarsa yana rage wa lafiyayyar taya iska da hannunsa. Wanda bai san dawan garin ba sai ya ce mutanen nan sun zautu, domin abin da ke gabansu tafiya ce ta kwana uku ko huɗu wadda babu mai faci, babu gidan mai, babu rijiya, balle a yi zancen asibiti.

Waɗannan mutane 'yan kulob ne na masu motocin shiga daji, irin waɗanda muke kira jif, watau motar da injinta ke juya ƙafafunta huɗu gaba ɗaya. Cikinsu akwai malaman makaranta, da akawuna, da makanikai, da ma'aikatan jinya, da dattawan da suka yi ritaya. Sun baro gidajensu a Adelaide ko Melbourne ko Sidni, sun ɗauki hutunsu na shekara domin su ratsa hamadar Simpson, su kwana a tanti, su ɓulla ta ɗaya gefen. Kowace shekara dubban motoci ke yin wannan tafiya, galibi kuma lafiya ake fita. Amma hamadar ta sha cin rayuka, kuma idan aka bi labarin waɗanda suka halaka da na waɗanda suka tsira, sai a ga tsadar mota da ƙarfin inji ba su ne suka raba su ba. Abin da ya raba su shi ne shiri, da tsarin tafiya, da kuma samun wani a baya wanda zai lura idan ba a gan ka ba.

ƘASAR DA AKE MAGANA A KANTA

Ostiraliya ta ninka Nijeriya fiye da sau takwas wajen faɗin ƙasa, amma mutanenta kimanin miliyan 27 ne kawai, kuma mafi yawansu a bakin teku suke zaune. Tsakiyar ƙasar, wadda suke kira Autbak, fili ne fetal, inda mutum zai yi tafiyar yini guda a mota bai ga gida ba. A nan hamadar Simpson take, ta haɗa yankuna uku, watau Ostiraliya ta Kudu, da Queensland, da Yankin Arewa. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 176,500.

Abin da ya bambanta ta da sauran hamadu shi ne tuddan rairayinta, waɗanda suka haura 1,100. Ba a warwatse suke ba. Sun kwanta ne layi-layi kamar kunyoyin gona, daga kudu maso gabas zuwa arewa maso yamma, wani tudun tsawonsa ya kai kilomita 200 bai yanke ba. Saboda haka mai tafiya daga yamma zuwa gabas ba shi da hanyar kewaya su, dole ya hau kowane ɗaya ya sauka. A yamma gajeru ne, wasu ba su wuce mita uku ba, amma ana ƙara nausawa gabas suna ƙara tsayi har su kai mita 30. Jan launinsu kuwa daga tsatsar ƙarfe ne da ta lulluɓe ƙwayoyin rairayin.

Ruwan da ake samu a shekara bai cika wuce milimita 150 ba, wata shekarar ma ko ɗigo ba a gani. Da yake ƙasar tana kudu da tsakiyar duniya, lokacin sanyinmu shi ne lokacin zafinsu. A garin Oodnadatta, wanda ayarin ke bi ta cikinsa kafin ya isa hamadar, an auna zafi ya kai digiri 50.7 ranar 2 ga Janairu, 1960. Don haka ne hukuma take rufe hanyoyin hamadar daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris na kowace shekara, 'yan kulob kuma suke zaɓar watannin Mayu zuwa Satumba.

WAƊANDA SUKA RIGA SU

Tun kafin Bature ya san da wannan hamada akwai masu ita. Ƙabilar Wangkangurru, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin ƙasar, ta zauna a tsakiyarta shekaru aru-aru. Sirrin zamansu wasu rijiyoyi ne da suke kira mikiri, waɗanda suka haƙa a karkace cikin kwarin da ke tsakanin tuddai har suka tarar da ruwa. A 1886 wani ɗan ƙabilar ya ja goran wani mai safiyo, David Lindsay, ya nuna masa tara daga cikin rijiyoyin. Wajen 1900 na ƙarshensu suka fito daga hamadar suka koma gefenta, kusa da garkunan Turawa da mishan.

Bature na farko da ya leƙa bakinta shi ne Charles Sturt a 1845. Ya tashi ne da zaton akwai teku a tsakiyar ƙasar, har da kwalekwale ya ɗauko, sai ya tarar da rairayi iyakar ganinsa, ya juya. A 1929 wani malamin jami'a, Cecil Madigan, ya kewaya ta a jirgin sama, ya raɗa mata sunan Alfred Allen Simpson, attajirin da ya taimaka da kuɗin aikin. A 1936 Ted Colson tare da wani ɗan asalin ƙasa mai suna Peter Ains suka ratsa ta da raƙuma biyar, suka je Birdsville suka komo. Shi Madigan ya yi tasa ratsawar a 1939 da raƙuma 19, cikin kwana 25.

Mota ba ta ƙetare ta ba sai a 1962, lokacin da wani masanin duwatsu, Reg Sprigg, ya ɗauki matarsa da 'ya'yansu biyu a cikin wata Nissan Patrol suka fita cikin kwana 12. Ba a daɗe ba wani kamfanin Faransa mai neman man fetur ya sa katafila ta yanka hanya miƙaƙƙiya daga yamma zuwa gabas, bisa kan tuddan. Ba a sami man da ya isa a haƙa a sayar ba, kamfanonin suka kwashe kayansu, amma hanyar ta tsaya. Ita ce ake kira Layin Faransawa, ita ce kuma mafi yawan 'yan kulob ke bi har yau.

SHIRI TUN DAGA GIDA

Tun shekarun 1960 aka fara kafa irin waɗannan kulob-kulob a biranen Ostiraliya, yanzu kuma kowace jiha tana da su da yawa, da uwar ƙungiyar da ta haɗa su. Mutum ba ya shiga kulob yau gobe a tafi da shi hamada. Galibi sai ya yi kwas ɗin tuƙi na kulob ɗin, an koya masa hawa da gangara, da tuƙi a rairayi da taɓo, da yadda ake fitar da motar da ta kafe. Kowace tafiya kuma ana ba ta daraja gwargwadon wahalarta, domin sabon shiga ya san inda ƙarfinsa ya tsaya.

Wata da watanni kafin ranar tashi ake naɗa shugaban tafiya, wanda za mu kira madugu, domin aikinsa bai bambanta da na madugun fatake na dā ba. Shi ne zai tsara zango-zango, ya ƙayyade yawan motoci, ya tabbata kowa ya sayi takardar izinin shiga gandun hamada daga hukuma. Shi ne kuma zai bar wa wani amintacce a gida takarda mai ɗauke da sunayen matafiya, da lambobin motoci, da ranar da ya kamata a ji daga gare su, da wanda za a kira idan ba a ji ba.

Babban lissafi shi ne na mai da ruwa. Daga Mount Dare, inda ake shan mai na ƙarshe a yamma, zuwa Birdsville a gabas, tafiyar ta haura kilomita 500, kuma a cikin rairayi mota takan sha kusan ninki biyu na abin da take sha a kwalta. Saboda haka kowa sai ya ƙara tanki ko ya ɗauki jarkoki. Ruwa kuwa, shawarar da aka saba bayarwa ita ce kamar lita bakwai ga kowane mutum a kowace rana, sa'an nan a ƙara na wasu kwanaki saboda tsautsayi. Ba a zuba shi a mazubi guda, don kada ya huje a yi asarar duka. Bayan wannan ga safayar taya biyu, da famfon iska, da shebur mai dogon hannu, da igiyar ja, da akwatin magani, da abin kashe gobara. Amma fa duk abin da aka ɗora nauyi ne, kuma nauyi shi ne ke karya sifirin da ƙashin mota a kan tudu. Don haka madugu nagari yakan sa a sauke kayan ƙawa tun a gida, kuma da wuya ya yarda a jawo tirela.

A wasu kulob-kulob kowane matafiyi yakan rubuta ciwon da yake fama da shi da magungunan da yake sha, ya rufe a ambulan ya ajiye a aljihun mota. Ba mai buɗewa sai idan ya faɗi ba ya iya magana.

DOKOKIN AYARI

Madugu ne a gaba, ba mai wuce shi. A can ƙarshe kuma ana sa wani gogaggen direba mai cikakkun kayan aiki, shi ne mai tsaron baya, ba ya barin kowa a bayansa. Kowace mota tana da oba-oba, a hamadar Simpson kuma an keɓe tasha ta 10 domin dukan matafiya su riƙa jin juna.

Dokar da ta fi kowace muhimmanci ita ce wannan: kowane direba alhakin motar da ke bayansa yana wuyansa. Idan ya zo mararraba ba zai wuce ba sai ya ga na bayansa ya iso, ya kuma tabbata ya ga inda aka karkata. Idan ya daɗe bai hangi fitilar na baya ba, sai ya tsaya ya kira. Da ya tsaya, na gabansa ma zai rasa shi ya tsaya, haka har labari ya kai ga madugu. Ta haka mota ɗaya ba ta ɓacewa a bar ta. Kazalika duk ƙyauren garken da aka tarar a rufe, mai tsaron baya zai mai da shi a rufe, wanda aka tarar a buɗe a bar shi a buɗe, domin makiyayin ya san dalilin da ya sa ya bar shi haka.

Ita tutar da muka ambata a farko ba ado ba ce. Hanyar ɗaya ce, mai zuwa da mai komowa duk ita suke bi, kuma wanda ke hawa tudu ba ya ganin abin da ke tahowa daga ɗaya gefen. An sha yin karo a ƙwanƙolin tudu. Saboda haka tun 2014 doka ta wajabta wa kowace mota ta kafa tuta mai ƙyalli wadda tsayinta daga ƙasa ya kai mita uku da rabi. Bugu da ƙari madugu yakan yi shela ta oba-oba lokaci-lokaci, ya faɗi inda suke, da yawan motocinsu, da inda suka dosa.

DAGA DALHOUSIE ZUWA CIKIN RAIRAYI

Zangon farko bayan Mount Dare shi ne maɓuɓɓugar Dalhousie, a cikin gandun Witjira. Nan wani ikon Allah yake: tafki ne mai ruwan ɗumi kamar na wanka, zafinsa wajen digiri 38, kewaye da itatuwa, a tsakiyar ƙeƙasasshiyar ƙasa. Ruwan yana fitowa ne daga wani makeken rumbun ruwa na ƙarƙashin ƙasa wanda ya mamaye fiye da kashi ɗaya cikin biyar na Ostiraliya, kuma a cikin tafkin akwai wasu ƙananan kifaye da ba a samun irinsu ko'ina a duniya. Kusa da wurin akwai kangon wani tsohon gidan makiyaya da itatuwan dabino. Matafiya sukan yi wanka su more, don sun san ba za su sake ganin ruwan wanka ba sai Birdsville.

Kashegari ake isa Purni. Rijiyar burtsatse ce da masu neman mai suka haƙa a 1963, ruwa mai tsananin zafi ya yi ta kwarara har ya zama fadama, tsuntsaye suka mai da wurin gida. Daga baya hukuma ta rage kwararar domin kada a raunana maɓuɓɓugan Dalhousie. A nan ake rage iskar taya, daga awo 35 ko 40 na kwalta zuwa kamar 18. Hikimar ita ce, taya mai ƙarancin iska takan baje, ta kwanta bisa rairayi kamar tafin raƙumi, mai tauri kuwa sai ta yi ta haƙa rami har cikin motar ya zauna a ƙasa.

Hawan tudu yana da nasa ladabi. Mota ɗaya ce take hawa, sauran su jira a ƙasa sai ta ce ta sauka. Direba zai zaɓi giyar da ta dace tun daga gindi, ya tafi da ƙarfi daidai wa daida, ba gudu ba, ba kuma sanda ba. Da ya kai ƙwanƙoli sai ya sassauta, domin sau da yawa hanyar takan karkace a bayan tudun, kuma a wannan lokaci ba abin da yake gani sai sama da murfin injinsa. Idan motar ta kasa, ba a juya ta a gicciye, don sai ta kife. Da baya-baya zai sauko bisa sawunsa, ya ƙara rage iska, ya sake gwadawa. Wanda ya dage yana murza ƙafa a wuri ɗaya, ramuka yake haƙa wa na bayansa. Da safe rairayi yana da sanyi da ƙarfi, da rana ta take sai ya yi laushi kamar gari, shi ya sa ake sammako. An fi son tafiya daga yamma zuwa gabas domin iska ta sa fuskar tuddan ta yamma ta fi sauƙin hawa. Duk da haka tafiyar ba ta wuce kilomita 15 zuwa 20 a awa, ayarin da ya ci kilomita 100 a yini ya yi ƙoƙari.

Idan mota ta kafe, aikin kowa ne. Za a fara da shebur, a share gaban ƙafafu, a cusa allunan roba masu ƙaya. Idan bai yi ba sai a kawo igiya mai talewa, wata motar ta fizgo ta. Nan ne haɗari yake, domin igiyar idan ta tsinke ko ƙarfen da aka ɗaura ta ya ɓalle, yakan tashi kamar harsashi, kuma an yi asarar rayuka ta haka. Don haka ba a ɗaura ta a ƙwallon jan tirela, akan ɗora mata bargo ko jaka mai nauyi a tsakiya, 'yan kallo su ja da baya nesa, mutum ɗaya tak yake ba da umarni.

ZANGO

Tun la'asar sakaliya madugu yake neman wurin kwana, a kwarin da ke tsakanin tuddai biyu, kusa da hanya kamar yadda doka ta ce. Kafin a kafa tanti kowane direba zai shiga ƙarƙashin motarsa ya duba abin da ya kwance da abin da ke yoyo, ya kuma cire busasshiyar ciyawar da ta maƙale kusa da salansa, domin ita ce ke jawo gobara, kuma motar da ta kama wuta a can ba mai ceton ta. Sa'an nan madugu zai bi mota-mota ya tambayi abin da ya rage na mai da na ruwa. Idan wani ya sha fiye da lissafi, gara a sani yau da a sani jibi.

An hana saran itace ko tsintarsa a cikin gandun, saboda kututturen da ya faɗi gidan ƙadangaru ne da ƙananan dabbobi, kuma itace a can yakan daɗe bai girma ba. Galibi da gas ake girki. Inda aka yarda a hura wuta, da itacen da aka ɗauko daga waje ake hurawa, a gasa burodi a tukunyar ƙarfe, a zauna hira. Da rana ƙudaje ne ke damun mutane har sai sun sa raga a fuska, amma rana na faɗuwa sai su ɓace, sanyi ya sauko. A watan Yuli ba abin mamaki ba ne a wayi gari ruwan da aka bari a kwano ya daskare. Ba a barin takalmi ko abinci a waje, don karen dajin ƙasar, wanda suke kira dingo, yakan zagayo da dare ya ɗauke. Shara kuwa, har gwangwani da ɓawon lemo, a buhu ake ƙulle ta a fita da ita.

Wani lokaci da safe akan ga sawun raƙuma a kan hanya, ko a hange su bisa tudu. Jikokin raƙuman da aka shigo da su ne daga Indiya da maƙwabtanta tun ƙarni na 19, tare da masu kiwonsu, waɗanda akasarinsu Musulmi ne, har suka gina masallaci a garin Marree. Su ne suka yi jigilar kaya a Autbak kafin zuwan jirgin ƙasa da mota. Da aikinsu ya ƙare aka saki raƙuman, suka yaɗu a daji, har a 2013 aka ƙiyasta yawansu ya kai 300,000 bayan an rage su.

A rana ta biyu ko ta uku ake isa Kusurwar Poeppel, inda iyakokin yankunan nan uku suka haɗu, a bakin wani tafkin gishiri. Augustus Poeppel ne ya kafa turken a 1880, amma daga baya aka gane sarƙar awonsa ta ɗan miƙe saboda yawan aiki, abin da ya sa turken ya kauce da kusan mita 300. Sai da aka sake awo a 1884 aka gyara. Su tafkunan gishirin nan mayaudara ne: samansu a bushe, ƙarƙashinsu taɓo, wanda ya bar sawun hanya ya hau su yana iya barin motarsa a can.

IDAN ABU YA ƁACI

Ƙa'idar da kowane kulob yake nanata wa 'ya'yansa ita ce kada mutum ya bar motarsa. Mota tana da inuwa, tana da ruwa, kuma mai nema daga jirgin sama ya fi saurin hango ta a kan ya hango mutum. A watan Disamba na 1998 wasu baƙi biyu daga Turai, mace da namiji, motarsu ta kafe a rairayi kusa da Tafkin Eyre, kudu da Simpson. Su kaɗai ne, ba abokin tafiya. Suka taka da ƙafa neman taimako, namijin ya komo wurin motar ya rayu, macen ta ci gaba, zafi ya kashe ta a hanya. Da 'yan sanda suka iso, iska kawai suka rage wa tayoyin, suka ɗan share rairayi, motar ta fita. Haka kuma a watan Nuwamba na 2012 wasu ma'aikata biyu motarsu ta kafe a gefen hamadar ta wajen Queensland, suka nufi gida da ƙafa, ɗayansu saurayi mai shekara 25 bai kai ba.

A gefe guda kuma, a watan Nuwamba na 2021 wani magidanci da matarsa da 'ya'yansu biyu ƙanana ruwan sama ya rutsa da su, motarsu ta nutse a taɓo. Suna da 'yar na'urar neman agaji wadda ke aika saƙo ta tauraron ɗan Adam, suka kunna ta, suka zauna wurin motarsu. Jirgi ya jefo musu ruwa da wayar tauraro, bayan 'yan kwanaki jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke su lafiya.

Don haka ayarin kulob ba ya tashi sai da irin wannan na'ura da wayar tauraro, domin wayar hannu ba ta aiki a can. Idan ciwo ne, akwai ƙungiyar likitocin jirgin sama wadda John Flynn ya kafa a 1928 a garin Cloncurry, amma jirginsu sai a fili yake sauka, watau sai an kai majiyyaci Birdsville ko wani filin da ke gefen hamadar. Motar da ta mutu murus kuwa, jawo ta daga tsakiyar rairayi yakan ci dubban daloli.

HAƘƘIN MASU ƘASA

Yawan motoci ya zo da nasa ɓarna. Akwai masu barin hanya su yi ta sukuwa bisa tuddai suna tumɓuke ciyawar da ke riƙe da rairayi, da masu barin shara, da masu kwasar duwatsun niƙa da sauran kayan tarihi na 'yan asalin ƙasa. 'Yan kulob sun san idan ɓarnar ta yi yawa hukuma rufe hanyar za ta yi, saboda haka su ne kan gaba wajen horon 'ya'yansu, kuma sukan ba da kwanaki su yi aikin gayya na kwashe shara da gyaran wuraren zango.

Su ma masu ƙasar ba su ɓace ba. A 2014 kotun tarayya ta amince da haƙƙin gado na ƙabilun Wangkangurru da Yarluyandi a kan wani babban yanki na hamadar. A 2021 Gwamnatin Ostiraliya ta Kudu ta haɗe ɓangarenta ya zama gandun ƙasa guda mai faɗin hekta miliyan 3.6, mafi girma a ƙasar, aka kuma sa sunan da masu wurin ke kiransa da shi, watau Munga-Thirri, a gaban na Simpson. Ma'anarsa babban tudun rairayi.

TUDU NA ƘARSHE

Bayan Kusurwar Poeppel hanyar takan bi gefen tafkin gishiri zuwa arewa kaɗan, sa'an nan ta sake miƙewa gabas. Tuddan nan sun fi tsayi, amma tazararsu ta fi faɗi. Sai a ƙetare rafin Eyre, wanda galibi a bushe yake, amma a shekarar da aka yi ruwa a arewacin Queensland yakan cika ya tare hanya makonni. Daga nan sai tudu na ƙarshe kuma mafi shahara, Nappanerica, wanda Turawa ke kira Big Red, watau Babban Ja, mai tsayin da ya doshi mita 40, kimanin kilomita 35 yamma da Birdsville. Akwai hanya mai sauƙi ta gefe, akwai masu wuya. Wani sai ya gwada sau uku ko huɗu, 'yan uwansa na tsaye a sama suna yi masa kirari ta oba-oba, wanda ya kasa kuma ya bi ta gefe ba mai yi masa dariya, don kowa ya tuna ranar da aka jawo shi.

A gindin tudun ta gabas ake fito da famfo, kowa ya sake tsugunawa ya mayar wa tayoyinsa iskar da ya rage a Purni. Birdsville ƙaramin gari ne a bakin kogin Diamantina, mazaunansa ba su fi ɗari da 'yan kai ba, sai dai lokacin sukuwar dawakinsa ta watan Satumba, wadda aka fara tun 1882, dubban mutane kan cika shi. Akwai gidan mai, da asibitin sha-ka-tafi, da tsohon otel na dutse da aka gina a 1884. Amma kafin kowa ya nemi ruwan wanka, madugu zai tsaya a bakin gari ya ƙidaya motoci har ya ga ta mai tsaron baya ta shigo. Sa'an nan ya ɗauki waya ya kira mutumin nan da aka bar wa takarda a gida, ya shaida masa cewa motoci takwas suka shiga, takwas suka fito.